Lambar da Aka Kankare a Kasuwar Tanut

An yi wani mutum a garin Tanut, cikin ƙasar Damargu, mai gyaran rediyo. Sunansa ba zai fito a nan ba, don yana da jikoki, kuma ba su suka yi ba.

Ya 'yan uwa, in kun tambayi tsofaffin Damargu labarinsa, ɗayan biyu za su gaya muku. Wasu za su ce ɓarawo ne. Wasu za su ce ya yi ta cusa hannu cikin kayan Nasara har aljanun da ke ciki suka taɓa shi. Duka biyun ba haka ba ne. Bai taɓa satar ko ƙusa ɗaya ba, kuma babu aljani cikin rediyo, sai waya da dalma. Laifinsa wani ne daban, kuma ya fi kusa da mu fiye da yadda za mu so.

Ɗan manoma ne, daga wani ƙauye kusa da Gangara. Ya ɗan zauna a lakwal, wato makaranta, ya iya karanta lamba da baƙaƙen boko. Shekarar babban fari na saba'in da uku, da gero ya ƙi, ya bi 'yan cin rani zuwa Kano. Wasu suka yi dako, wasu suka yi ga-ruwa. Shi kuwa ya tsuguna gefen wani mai gyaran rediyo, ya zuba ido. Shekara biyu yana kallo, yana riƙe waya, yana hura wuta. Ran da ya dawo Tanut, kayansa duka ba su cika jaka ɗaya ba: ƙarfen liƙi, dunƙulen dalma, hantsaki, da 'yan ƙarafan kwance ƙusa.

Ya kafa rumfa a bakin kasuwar dabbobi. Ba lantarki. Cikin murhun shayi yake dumama ƙarfen liƙinsa, ya kusanto da shi kuncinsa ya ji zafin, ya san ya yi ko bai yi ba.

To, a nan sai a faɗi gaskiya, ko da ta wanda ya faɗi ce. Mutumin nan ya iya aiki. Ƙasar Damargu ba ta taɓa ganin hannu irin nasa ba, kuma muna alfahari da shi. Rediyon da ta faɗo daga kan raƙumi ta tsage biyu, ya haɗa ta. Wadda rairayi ya cika mata ciki, ya tashe ta. Wadda batir ya zube ya cinye mata hanyoyi, ya bi hanyoyin ɗaya bayan ɗaya da siririn zaren waya, kamar mai ɗinkin ƙwarya. Akwai wani mushe, malamin lakwal, da ya kai rediyonsa Damagaram har sau biyu aka ce ta mutu. Mutuminmu ya buɗe ta, ya sunsuna, ya taɓa wuri guda da ƙarfe, ta kama magana kafin shayin mushen ya huce.

Daga Tarka ake zuwa, daga Balbeji, daga Tenhiya, har daga rijiyoyin arewa da ba su da suna a takarda. A lokacin nan rediyo ba kayan ado ba ce ga makiyayi. Da ita yake jin inda ruwa ya sauka, da sanarwar wanda ya rasu, da cigiyar raƙuman da suka ɓace. Da rediyo mai kaset ta shigo kuwa, sai ta zama wasiƙa. Wanda ya tafi neman aiki Libiya ko Aljeriya ba ya rubutu. Ɗaukar muryarsa yake yi a kaset, ya ba direba, direba ya ba wani, har ta kai ga uwarsa a ruga. Mai gyaran rediyo kenan shi ke riƙe da kunnen ƙasa gaba ɗaya.

In mutane suka yaba masa, yakan ɗaga hannun dama ya juya shi, ya ce, "Wannan hannun bai taɓa mai da rediyo gida tana shiru ba." Kuma gaskiya ya faɗa.

Shin wannan ne zunubin? Mutane sukan ce eh, wai duk wanda ya yabi aikinsa ya yi girman kai. Ni ban yarda ba. Manomin da ya tsaya bakin gonarsa ya ji daɗin kunyoyinsa sun miƙe, ya yi laifi? Matar da ta saƙa tabarma ta san babu irinta a unguwa, ta yi saɓo? Allah ne ya ba da hannun, kuma ba ya ƙin a ji daɗin kyautarsa. Ku saurara dai, ku ji inda abin ya karkace.

Wajen shekarar tamanin, masu dawowa daga arewa suka fara shigo da wasu rediyoyi sabbi, ƙanana, marasa nauyi, waɗanda mutum zai rataya a wuya ya hau raƙumi. Ran da aka fara kawo masa irinsu, ya kwance bayan ɗaya, ya duba. Ya saba da ciki mai faɗi, kowane abu a fili, mai ƙafa biyu nan, mai ƙafa uku can. Wannan kuwa ɗan allo ne kore, bai kai tafin hannu ba, hanyoyinsa sirara kamar gashi. A tsakiyarsa ga wata 'yar baƙar aba, ba ta kai ƙwayar dabino ba, ta kafa ƙafafu da yawa cikin allon. Wani Bafulatani da ya leƙo ya ce, "Af, rediyon ma kaska gare ta!" Sunan ya bi ta ke nan. Kowa a kasuwa kaska yake ce mata.

Ita kaskar nan ita ce ƙwaƙwalwar rediyon. Aikin da abubuwa ashirin ke yi a da, ita kaɗai ke yin sa. Ba a buɗe ta, ba a gyara ta. In ta mutu, sai a cire a sa wata irinta. Kuma irinta ba a gane ta da ido, don da yawa kamarsu ɗaya, baƙaƙe, tsawo ɗaya, ƙafafu ɗaya, amma cikinsu daban. Abu guda ke raba su: 'yar lamba da aka rubuta da farin fenti a bayan kowace.

Mutuminmu bai ja da baya ba. Wata shida ya yi yana fama, yana ƙona yatsu, har ya gane kansu. Ya koyi cire kaska mai ƙafa tara da ƙarfen da aka dumama a gawayi, ba tare da allon ya ji ciwo ba. Ku tambayi masu wannan sana'a a yau, masu lantarki da fitila da gilashi, su gaya muku ko abu ne mai sauƙi. Yakan rubuta lamba a 'yar takarda, ya ba direbobin da ke zuwa Kano, su sayo masa. Sunansa ya ƙara tashi.

Amma ya gane wani abu da ya hana shi sukuni. Gyaran da, sirrinsa a hannu yake da kunne da hanci, ba mai sace shi. Gyaran yanzu, rabin sirrin a rubuce yake. Duk wanda ya iya karanta lamba, ya iya riƙe ƙarfe, wata rana zai iya.

Kuma ga mai iya karatun a gefensa. Rumfar da ke jikin tasa ta Audu ce, mai gyaran agogo, magidanci mai 'ya'ya biyar, wanda agogunan zamani marasa hannu suka fara kashe masa kasuwa. Wata rana Audu ya matso da kujerarsa ya ce, "Maƙwabci, sana'ata tana mutuwa a hannuna. Ka nuna mini kan kaskar nan mana. Aikin ya yi maka yawa, mutane suna kwana uku suna jiranka. In ka ci tuwo, ni ka bar mini ƙanzo."

Ya yi dariya ya ce, "Audu, kai da ka saba da tik-tik, ina kai ina abin da ke magana? Wannan ba koyo ba ne, baiwa ce."

Ya manta da mutumin Kano da ya bar shi ya tsuguna shekara biyu yana kallo.

Daga ranar ya ɗauki reza. Duk kaskar da zai sa wa rediyon mutum, sai ya kankare lambarta tas kafin ya liƙa. Duk rediyon da ta shigo rumfarsa, ko ba kaskar ce ta lalace ba, sai ya bi ta da reza kafin ya rufe. Ta haka, rediyon da ta taɓa shiga hannunsa ba ta da wani likita a duniya sai shi. Da ya lura Audu yakan saci kallon kayan da direbobi ke kawowa, sai ya kankare har na ajiyarsa. Ya zuba su cikin akwatunan ashana, kowane iri da akwatinsa, ba rubutu a kan ko ɗaya. Ya jera akwatunan cikin wani babban gwangwanin madara. Wanne ne wanne, wace rediyo ke cin wace, duk a kansa suke.

Matarsa Hawwa, wadda ke sayar da fura a ƙarƙashin wata bagaruwa daura da rumfar, 'yar makiyaya ce ta wajen uwa. Ran da ta gan shi yana kankara, ta aje ludayi ta tsaya a kansa.

"Malam, me kake gogewa?"

"Abin da bai shafe ki ba."

"Ba shaidarta ba ce?"

"Lamba ce kawai."

Ta ce, "To, ni dai a gidan kawunnaina, mutum ɗaya ne ke goge shaida a jikin dabba, kuma ka san sunansa. Mutanen nan da kake wa aiki, da shaida suke kwana, da ita suke tashi. Ran da ɗayansu ya ga wannan, ba zai tambaye ka dalili ba."

Ya ce, "Wa zai buɗe? Ko sun buɗe me za su gani? Koma ga furarki, ƙudaje sun samu."

Ta koma. Ba ta sake ɗaga maganar ba, shi ma bai sake tunawa da ita ba.

Ya 'yan uwa, wanda bai zauna da makiyayan arewa ba, ba zai gane nauyin abin da Hawwa ta faɗa ba. Kowane dangi da shaidarsa, wadda ake sa wa raƙumi da ƙarfe mai zafi, a wuya ko a cinya. Raƙumi ya ɓace shekara uku, ya bayyana a wata kasuwa mai nisan kwana goma, mutum ya dubi cinyarsa ya ce na gidan wane ne, a mayar. Ba takarda, ba jandarma. Shi ya sa wanda ya taɓa shaida, ya ƙona ta ko ya sauya ta, ya fi wanda ya saci dabbar muni a idonsu. Ɓarawo dabba ɗaya ya ɗauka. Mai goge shaida kuwa ya ɓata abin da kowa ke dogara da shi.

Shekaru suka tafi. Akwatunan ashana suka yi yawa, daga biyar suka kai talatin da wani abu. Hayaƙin dalma da duban ƙananan abubuwa suka fara cin idonsa. Sai ya miƙa allo can nesa kafin ya gani. Hawwa ta ce ya nemi tabarau, ya ce ran da aka gan shi da tabarau, ran nan za a ce hannun ya tsufa. Wani lokaci yakan buɗe akwati ya daɗe yana kallo kafin ya ɗauka. Bai gaya wa kowa ba.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo, wanda ya kori makiyaya kudu da ɗan abin da ya rage musu. Cikinsu akwai wani dattijo Ba'abzine daga wajen Tenhiya, sunansa Aghali. Raƙumansa sun ƙare sai uku. Babban ɗansa ya tafi arewa neman aiki, shekara guda ba labari. Aghali yana da 'yar rediyo mai kaset wadda ɗan ya bar masa, kuma shekara biyu kafin nan mutuminmu ya taɓa sauya mata kaska.

Aghali yana zaune a bayan garin Damagaram sai wani direba ya kawo masa kaset daga ɗansa. Ya sa a rediyo, rediyo ta yi shiru. Ya sauya batir, shiru. Ya kai ta wurin wani mai gyara a cikin birni. Mai gyaran ya buɗe, ya duba, ya yi tsaki.

"Baba, kaskar ce ta mutu. Da zan sa maka wata yanzu, amma an kankare lambarta. Ban san irinta ba."

Aghali ya ce, "Mece ce lamba?"

Mai gyaran ya nemi yadda zai fahimtar da shi, ya ce, "Shaidarta. Kamar ta raƙumi. Wani ya goge."

Aghali ya karɓi rediyon, ya matso da ita idonsa, ya ga sawun reza. Mai gyaran ya ce ya kawo kaset ɗin a sa masa a wata rediyo ya ji. Aghali ya ƙi. Maganar ɗa da ubansa ba a kunna ta a rumfar wani, mutane suna wucewa. Ya naɗe kaset cikin gefen rawaninsa, ya ɗaura wa raƙumi sirdi, ya kama hanyar Tanut.

Ranar kasuwa da hantsi ya iso. Bai nufi rumfar gyara ba. Ya nufi wurin Jika, tsohon dillalin dabbobi, wanda duk wata rigimar shaida a kasuwar nan gabansa ake kai ta tun kafin a haifi rabin masu rigimar. Jika ya duba cikin rediyon, ya tashi da sandarsa. Mutane suka ga Jika ya tashi, suka bi shi.

Mutuminmu yana tsakar aiki ya ga inuwa ta rufe rumfa.

Jika ya yi sallama, ya zauna, ya aje rediyon a buɗe kan tabarma. Ya ce, "Ɗana, wannan ta taɓa zuwa hannunka?"

"Ta taɓa, Baba Jika. Ni na tashe ta."

"Wannan sawun fa?"

Ya duba. Ya ce, "Aikina ne."

Aghali ya yi magana daga bayan rawani, da Hausarsa ta mutanen daji, a hankali. "Abokina, na ba ka abu da shaidarsa. Ka mayar mini da shi ba shaida. Tawa ka ɗauke ka sa mini ta wani? Ko ta wani ka sata ka ɓoye a cikin tawa?"

"Ban taɓa sata ba! A tambayi kowa a garin nan!"

Jika ya ɗaga hannu. "Ba wanda ya ce ka yi tukuna. Shekara goma muna tare, ban ji an ce ka ci amanar kowa ba. Abu biyu zan tambaye ka, ka amsa ɗaya ma ya isa. Me ya sa ka goge? In kuwa ba ka son faɗi, to faɗi shaidar da ke wurin kafin ka goge, a rubuta, a aika Kano a sayo, a ga ta yi daidai. Shi ke nan kowa ya kama gabansa."

Ku duba, ya 'yan uwa, yadda Allah ke buɗe wa bawa ƙofa har a bakin rami. Ƙofa biyu aka buɗe masa. Ta farko ya ce, na goge ne don ina tsoron wani ya iya abin da na iya. Da an yi masa dariya, da Audu ya ji haushi, da an ce kai wane, ashe haka kake, amma da ya kwana da sunansa. Ta biyu ya faɗi lambar. Ya nemi lambar a kansa, ya tarar ba ta nan. Shekara biyu, rediyo ɗari da ɗari sun wuce. Biyu suka zo masa, ya kasa raba su. To, ko a nan da sauran hanya: ya ce na manta.

Ya dubi mutane. Ga na Tarka, ga na Balbeji, duk waɗanda suka sha jin yana cewa hannun nan bai taɓa kasawa ba. Ya ce yana jin tsoron Audu mai agogo? Ya ce ya manta? A gabansu?

Ya ce, "Ba sai an je Kano ba. Ni ne Kanon. Ku matsa ku ba ni haske."

Ya jawo gwangwanin madara. Ya hura gawayi, ya sa ƙarfe. Ya cire matacciyar kaskar cikin ƙiftawar ido, tsaf, ko ɗigon dalma bai zuba ba, har wasu suka ce kai, hannu dai akwai shi. Sannan ya buɗe akwatin ashana ɗaya, ya buɗe na biyu. Kaska a nan, kaska a can. Duka baƙaƙe, duka ƙafa tara, duka da sawun rezarsa a baya. Ya ɗauki wannan ya miƙa nesa, ya ɗauki waccan ya miƙa nesa.

Audu, wanda aka wulaƙanta, shi ne ya ji tausayinsa. Ya ciro ɗan gilashinsa na duban agogo ya miƙa masa ta gefe, a ɓoye, ya ce, "Ungo, maƙwabci." Mutuminmu ya ture hannun. Ko da ya karɓa ma, me zai karanta? Shi da kansa ya share abin karantawar.

Daga ƙarƙashin bagaruwa Hawwa ta ɗaga murya, abin da ba ta taɓa yi a kasuwa ba. "Malam, ka ce ba ka sani ba mana!"

Da ba ta faɗa ba, wataƙila da ya faɗa. Da ta faɗa a gaban maza, sai ya ɗauki ta hannun dama ya liƙa.

Liƙin ya yi kyau. Ƙafa tara, ɗigo tara, kowane yana ƙyalli. Ya jera batir, ya ɗaga kai ya dubi Aghali, ya murɗa.

Rediyo ta yi wani ɗan ƙara kamar an taka busasshen kara. Wani siririn hayaƙi ya taso daga allon, da wari irin na gashin da ya ƙone. Ya yi maza ya fizge batir, amma ina. Hanyoyin allon sun narke, kore ya koma baƙi. Rediyon da kaska ɗaya ce ciwonta, yanzu ba mai tashinta har abada.

Ba wanda ya zage shi. Ba wanda ya ɗaga masa hannu. Jika ya dogara sandarsa ya miƙe, ya ce, "Na tambaye ka abu biyu, ka ba ni hayaƙi." Ya juya ga Aghali ya ce, "Taho." Ya kai shi gidansa, ya ba shi tasa rediyon, ya nuna masa bayan wani tudu inda ba kowa. Can Aghali ya ji muryar ɗansa. Ashe ɗan ba ya Libiya. Yana Agadas kwance a gidan wasu mutane, ciwo ya kayar da shi a hanyar dawowa, yana roƙon ubansa ya zo ya ɗauke shi. Kwana bakwai saƙon nan ya yi cikin rawani. Aghali bai ko sha ruwa ba ya kama hanyar arewa. Allah ya sa ya iske shi da sauran numfashi, kuma daga baya Allah ya tashi kafaɗunsa. Da ya iske kabari fa? Wace amsa mai reza zai bayar ranar da ba a ɓoye komai?

A ranar, kafin la'asar, duk mai rediyo a kasuwar nan ya nemi wuƙa ya kwance bayan tasa. Wannan ya duba, sawun reza. Wancan ya duba, sawun reza. Labari ya bi raƙuma ya shiga daji, ya riga su isa rijiyoyi. Kuma a yadda ya isa, ba a ce ya ɓoye ilimi ba. Cewa aka yi mai gyaran Tanut yana goge shaida. A ƙasar makiyaya wannan magana ba ta bukatar ƙari.

Kasuwa ta gaba, raƙuma suka riƙa wuce rumfarsa kamar ba kowa a ciki. Masu gaishe shi suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ya zauna daga safe har yamma, ƙarfe na ja a wuta yana hucewa, ba abin liƙawa. Ya yi rantsuwa, ya nemi a kawo Alƙur'ani ya dafa cewa bai yi sata ba. Jika ya ce, "Na yarda ba ka yi ba. Amma ka mayar wa mutane shaidarsu, in ka iya." Bai iya ba.

Audu kuwa ya rufe rumfar agogo, ya tafi Damagaram ya tsuguna gefen mai gyaran nan wata takwas, da furfurarsa. Ya dawo ya buɗe rumfa. Bai kai rabin maƙwabcinsa iyawa ba, kuma ya san haka. In abu ya fi ƙarfinsa yakan ce, "Wannan ban san ta ba, kai ta gaba." Kuma duk rediyon da ya gyara, sai ya kira mai ita ya nuna masa lambar kafin ya rufe. Mutane suka koma wurinsa.

Abu na ƙarshe da aka gani a kasuwa shi ne ran da mutuminmu ya ɗauko gwangwanin madararsa ya kai wa Audu. Ya ce, "Ka riƙe waɗannan, sabbi ne, ba a taɓa liƙa su ba. Za su yi maka amfani."

Audu ya buɗe akwatin ashana ɗaya, ya sa gilashi a ido, ya juya kaskar. Ya ce, "Maƙwabci, wace lamba ce wannan?"

Mutuminmu ya karɓa ya juya ta. Sannan ya ce, "Ban sani ba."

A ranar ya faɗe ta, lokacin da ba ta da sauran amfani gare shi. Ya koma ƙauyensu wajen Gangara, ido ya ƙarasa tafiya, Hawwa ce ke jan sa zuwa bakin gona. Hannun da Damargu ba ta taɓa ganin irinsa ba ya ƙare yana ɓarar gyaɗa. Abin da ya sani kuwa, wanda ya isa ya ciyar da gida goma, ya tafi da shi ƙasa bai bar wa kowa ba.

Ya 'yan uwa, kada ku ce ɓarawo ne ku huta, don in kun ce haka kun fitar da kanku daga labarin. Kada kuma ku ce kayan zamani ne suka halaka shi. Kaskar nan ba ta yi masa komai ba. Da shaidarta ta zo, a fili, don duk mai ido ya karanta. Jikokinta ne ke cikin wayoyin da ke aljihunku yau, sun ƙara ƙanƙanta, sun ƙara wayo, kuma 'ya'yanmu na Damargu suna buɗe su suna gyarawa, abin alfahari.

Laifinsa shi ne, an ba shi kyauta, ya mai da ita tarko. An bar shi ya kalla, shi ya hana a kalla. Ya fi son abin mutum ya mutu a hannunsa da ya rayu a hannun wani. Sannan da gaskiya ta zo neman sa, ya ga faɗin kalma uku ya fi ƙona amanar dattijo wuya.

Ke ungozoma da kike juya baya in za ki haɗa magani, don kada ta kusa da ke ta gani, wace lamba kike kankarewa? Kai malam da kake riƙe babi ɗaya ba ka koyar ba, don almajiranka su dawwama suna bukatarka, fa? Kai ma'aikaci da ka ɓoye yadda ake aikin ofis don kada a iya ba kai? Kuna tsammani kanku ba ya mantuwa, idonku ba ya tsufa? Ku yi alfahari da hannunku, ba wanda ya hana. Amma ku bar shaida a inda kuka same ta, ku nuna wa na gefenku, kuma in ba ku sani ba ku faɗa tun tana da amfani.

Allah ya gafarta wa wannan bawa nasa, ya saka masa da alherin rediyoyin da ya tasa kafin ya ɗauki reza. Allah ya ba mu ilimi mai amfani da zuciyar raba shi, ya sauƙaƙa wa harsunanmu faɗin abin da ba mu sani ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.